Zango Ɗaya a Jami'ar Waje: Yadda Ake Shirya Musayar Karatu da Rubuta Abin da Aka Gani

Ɗalibin da ya samu gurbin musayar karatu na zango ɗaya a wata jami'a ta ƙasar waje, kwanakin da ke hannunsa ba su kai yawan da yake zato ba. Zangon karatu a jami'o'i da dama bai wuce mako 14 zuwa 16 ba, kuma idan aka cire makon farko da ke ƙarewa wajen rajista da neman ɗaki, aka cire makonnin ƙarshe na jarrabawa da ɗaure kaya, abin da zai rage da ƙyar ya haura mako 10. Wanda ya je kwas ɗin bazara na mako 3 kuwa, kafin ya gama haddace hanyar da ke tsakanin masaukinsa da ɗakin lacca har an soma zancen ranar komawa. Wannan ƙarancin lokaci shi ne ya raba gajeriyar musaya da cikakken karatun digiri a waje, inda mutum ke da shekarun da zai yi kuskure ya gyara. Don haka shawarar da ke tafe a kan abu guda ta tsaya: duk abin da zai yiwu a gama shi a gida, a gama shi kafin tashi, domin idan an isa a samu sukunin kallo da sauraro da rubutawa tun ido bai saba da wurin ba.

Da farko ka san irin shirin da ka shiga, domin dokokinsa ne za su shata maka iyaka. Wanda ya fi shahara shi ne Erasmus na Tarayyar Turai, wanda ya fara a 1987 da ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11, aka faɗaɗa shi ya zama Erasmus+ a 2014, daga 2015 kuma ya buɗe ƙofa ga jami'o'in sauran nahiyoyi, muddin akwai yarjejeniya tsakaninsu da wata jami'a ta Turai. A tsarinsa na yanzu ɗalibi kan yi wata 2 zuwa 12, akwai kuma gajeren nau'i na kwana 5 zuwa 30 da ake haɗawa da darussa ta intanet. Amurka ta yi shekaru tana gudanar da shirin Global UGRAD na zango ɗaya ga masu karatun digirin farko, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Wajenta. Hukumar musayar ilimi ta Jamus, wato DAAD, wadda aka kafa a 1925, tana tallafa wa masu zuwa kwasa-kwasan bazara na 'yan makonni. Ban da waɗannan akwai yarjejeniyoyin da jami'o'i biyu kan ƙulla kai tsaye, waɗanda sau da yawa ɗalibi ba ya jin labarinsu sai ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arsa ya tambaya. A yawancin waɗannan shirye-shirye kana nan a matsayin ɗalibin jami'arka, jami'ar da ta karɓe ka ba za ta ba ka digiri ba, kuma darajar abin da ka karanta a can tana hannun waɗanda ka baro a gida.

Takardar da ta fi tikitin jirgi muhimmanci

Ɗalibai sukan ƙarar da ƙarfinsu a kan biza da tikiti, su manta da takardar da za ta tantance ko zangon da suka yi a waje zai shiga lissafin digirinsu ko kuwa zai tafi a banza. A tsarin Erasmus+ ana kiran ta yarjejeniyar karatu, kuma ɓangarori uku ne ke sa mata hannu kafin tafiya: ɗalibi, da jami'ar da ta tura shi, da wadda za ta karɓe shi. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da zai ɗauka a can, a jera kuma na gida waɗanda na can za su tsaya a madadinsu. Ko da shirinka bai tanadi irin wannan takarda ba, ka shirya makamanciyarta da kanka, ka kai wa shugaban sashe da jami'in jarrabawa su sa hannu su buga hatimi. Ka je musu da cikakken bayanin kowane kwas, wato batutuwan da ya ƙunsa da yawan sa'o'insa da yadda ake auna ɗalibi a kansa, kada ka je da sunan kwas kawai, domin suna ɗaya na iya ɗaukar abubuwa biyu mabambanta. Na san wata ɗaliba da ta dawo da sakamako mai kyau, amma aka ce sai ta maimaita kwas biyu, saboda shugaban sashen da ya amince mata da baki ya sauka daga kujerar tana can, wanda ya gaje shi kuma bai tarar da komai a rubuce ba. Ba wanda ya nufe ta da sharri. Alkawarin baki ne ba ya shiga fayil. Sai da ta ƙara zango guda kafin ta kammala.

Wajen cike wannan takarda sai ka fahimci yadda ake auna nauyin kwas. A Turai ana amfani da ma'aunin ECTS, wanda aka fara gwadawa a 1989 cikin shirin Erasmus: cikakkiyar shekarar karatu kiredit 60 ce, zango ɗaya 30, kowane kiredit kuma yana wakiltar aikin sa'a 25 zuwa 30. Waɗannan sa'o'i sun haɗa da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai da rubuta ayyuka da shirin jarrabawa, ba zaman lacca kaɗai ba. Shi ya sa za ka ga kwas mai kiredit 6 yana da lacca sau ɗaya ko biyu a mako, ka ɗauka sauƙi ka samu, alhali an lissafa maka aikin sa'a 150 zuwa 180 wanda mafi yawansa a laburare zai ƙare. A Birtaniya shekara kiredit 120 ce, wato kiredit 2 nasu daidai yake da 1 na ECTS. A Amurka da sa'o'in aji ake lissafi, kuma ɗalibin digirin farko da ke kan bizar karatu ana bukatar ya ɗauki aƙalla 12 a zango. Ka sa jami'arka ta rubuta yadda za ta juya ɗaya daga cikin waɗannan zuwa nata ma'aunin, tun kafin ka ɗaga.

Haka batun maki. A Jamus 1.0 ne kan gaba, 4.0 ne ƙarshen ci, 5.0 kuma faɗuwa, saboda haka jami'in da bai san tsarin ba yana iya ganin 1.7 ya ɗauka ɗalibi ya faɗi warwas, alhali ya yi fice. A Faransa ana ba da maki daga 0 zuwa 20, ana ci da 10, wanda ya samu 16 kuwa ya yi zarra, domin malamansu ba kasafai suke haura hakan ba. A Italiya ci yana farawa daga 18 ya tsaya a 30, a Holand kuma daga 1 zuwa 10 ne, amma 9 da 10 ba a cika ba da su ba. Mayar da irin wannan maki zuwa kashi cikin ɗari ta lissafi kai tsaye yakan tauye wa ɗalibi haƙƙi, wani lokaci kuma ya ba shi abin da bai samu ba. Ka nemi jami'ar da za ka je ta ba ka takardar bayanin tsarin makinta, ka ajiye kwafi a fayil ɗinka na sashe.

Kalandar karatu ita ma takan yi wa mutane tarko. A Jamus laccocin zangon hunturu kan fara a tsakiyar Oktoba su kai Fabrairu, jarrabawa ta biyo baya, wani lokaci har cikin Maris. A Amurka zangon kaka kan fara ƙarshen Agusta ya ƙare tsakiyar Disamba, a Japan shekarar karatu a Afrilu take farawa, a Ostareliya kuma ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Idan zangon can zai shiga cikin na gida, ka nemi izinin jinkirta rajista a rubuce, ko ka tambayi malaman can tun makon farko ko za su yarda su auna ka da wuri. Ka kuma tanadi kwasa-kwasan ko-ta-kwana guda biyu ko uku waɗanda sashenku ya riga ya amince da su, domin abu ne da aka saba gani ɗalibi ya isa ya tarar an soke wani kwas, ko ya cika, ko lokacinsa ya ci karo da na wani. Erasmus+ ya ba da mako 5 daga fara zango don neman gyaran yarjejeniyar, amma gyaran ma sai ɓangarorin uku sun amince, kuma neman sa hannun malami ta imel daga wata nahiya ba ƙaramin aiki ba ne. Game da harshe, ka duba a wane harshe ake koyar da kowane kwas, domin shafin jami'a na iya kasancewa da Ingilishi alhali lacca da harshen ƙasar ake yin ta. Jami'o'in Turai suna auna ƙwarewa da matakai daga A1 zuwa C2, da yawansu kuma B2 suke nema, sannan sakamakon jarrabawar harshen Ingilishi ta IELTS shekara 2 aka saba karɓarsa.

Biza, kuɗi da masauki

Tsawon zama ne ke tantance irin bizar da za ka nema. A yankin Schengen, wanda ya haɗa yawancin ƙasashen Tarayyar Turai da wasu irin su Norwe da Suwizalan, gajeriyar biza tana ba da damar zaman kwana 90 cikin kowane kwana 180, don haka ta wadatar da mai kwas ɗin bazara amma ba ta isar mai cikakken zango, wanda sai ya nemi bizar dogon zama ta ƙasar da zai je. Ga gajeriyar ana bukatar fasfon da aka bayar cikin shekara 10 da suka wuce, mai shafi 2 da ba a buga komai a kansu ba, wanda zai ci gaba da aiki aƙalla wata 3 bayan ranar fita, tare da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana iya miƙa takardu tun saura wata 6, doka kuma ta tanadi a yanke hukunci cikin kwana 15, ko da yake ana iya tsawaitawa zuwa 45. Abin da ke cin lokaci a zahiri shi ne samun ranar ganawa, musamman a watannin da ɗalibai ke tururuwa, saboda haka ranar da takardar karɓa ta iso hannunka, a ranar za ka nemi layi. Birtaniya da Ailan ba sa cikin Schengen. Birtaniya tana barin mai bizar ziyara ya yi karatu har wata 6 a makarantar da hukuma ta amince da ita. Amurka kuwa bizar J-1 ta saba bai wa ɗaliban musaya, bisa takardar DS-2019 da masu ɗaukar nauyi ke aikowa, kuma idan kuɗin gwamnati ne ya kai ka, akwai sharaɗin komawa ƙasarka ka zauna shekara 2 kafin ka cancanci wasu bizojin aiki ko na zama. Waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka shafin ofishin jakadanci ne abin dogaro, ba labarin wanda ya je bara ba.

Kuɗin tallafi ba kasafai yake riga ɗalibi isa ba. Sau da yawa ana biyan kaso mafi girma bayan an tabbatar ka sauka, a riƙe ragowar sai ka kammala ka miƙa rahoto, don haka ka tafi da abin da zai biya hayar watan farko da kuɗin ajiyar ɗaki da sufuri. Ka nemi ɗakin kwanan ɗalibai ta hannun jami'a da zarar an buɗe, kuma kada ka tura kuɗi ga wanda ya tallata ɗaki a intanet ya ce zai aiko da mabuɗi daga baya, domin wannan tsohuwar damfara ce da ake yi wa baƙin ɗalibai. Idan kana shan magani na dindindin, ka tafi da wanda zai ishe ka tare da takardar likita. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a imel ɗinka.

Makonni biyun farko

Akwai 'yan hidindimu da ba sa jira. Ka sa ofishin baƙin ɗalibai ya sa hannu a takardar shaidar isowarka, domin da ita ake sakin kuɗi. A Jamus doka ta bukaci mai zama ya yi rajistar adireshinsa a ofishin hukumar gari cikin mako 2 da shiga gida, da takardar shaida daga mai gidan, kuma ƙasashe da dama suna da makamancin wannan. Ka karɓi katin ɗalibi da na laburare, ka haɗa wayarka da intanet ɗin jami'a, wanda a wurare da yawa tsarin eduroam ne, wato intanet na haɗin gwiwar jami'o'i, ka kuma riƙe lambar gaggawa, wadda a duk faɗin Tarayyar Turai 112 ce.

Kada ka raina makon gabatarwa da ake shirya wa sababbin ɗalibai, ko da wasu abubuwan da ke cikinsa sun yi maka kama da wasan yara. A kwanakin nan ake ƙulla abota, bayan su kuwa kowa ya samu rukuninsa, shiga ta yi wuya. Ƙungiyar ɗalibai ta ESN, wadda ta samo asali a 1989, tana da rassa a jami'o'in Turai da yawa, kuma takan haɗa baƙo da wani ɗalibin wurin da zai nuna masa gari. A nan akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Abu mafi sauƙi shi ne ka manne wa 'yan ƙasarku, ko ka tsaya cikin sauran ɗaliban musaya waɗanda su ma baƙi ne kamar kai, a yi wata 4 ana hira da Ingilishi, ka dawo ba ka taɓa shiga gidan ɗan ƙasar ko ɗaya ba. Ba laifi ba ne neman na gida a ranar da kewa ta yi yawa. Amma ka ɗauki aƙalla kwas ɗaya da 'yan ƙasar suka fi yawa a cikinsa, ka shiga ƙungiya ɗaya ta wasa ko ta ilimi da ke haɗuwa kowane mako, domin haɗuwa a kai a kai ce ke haifar da sabo. Wanda zai je arewacin Turai a zangon hunturu kuma ya shirya wa duhu kamar yadda yake shirya wa sanyi: a Stockholm cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 3 na rana, hasken yini bai fi sa'a 6 da 'yan mintoci ba, kuma wannan yana taɓa barci da walwalar mutum fiye da yadda ake tsammani.

A cikin aji kuwa ka yi kwanakin farko kana lura kafin ka saki jiki. A Suwidin ɗalibai suna kiran farfesa da sunansa na farko, kuma sau da yawa kwas ɗaya ake ɗauka a gama shi cikin 'yan makonni kafin a shiga na gaba. A Jamus akan riƙe laƙabi da kalmomin girmamawa, musamman a imel, sannan akwai tsohuwar al'adar jami'a ta rubu'in sa'a: idan jadawali ya rubuta ƙarfe 10 da haruffan c.t., lacca 10:15 za ta fara, idan kuwa s.t. aka rubuta, 10 daidai ne. A can kuma halartar lacca ba ta nufin an yi maka rajistar jarrabawa, rajistar daban take da nata wa'adin. A Italiya jarrabawar baki ta zama ruwan dare, inda ɗalibi ke zama gaban malami ya amsa tambayoyi, wani lokaci sauran ɗalibai na sauraro. Ka tambayi kowane malami dokarsa game da ambaton madogara da amfani da manhajojin da ke rubuta wa mutum aiki, domin satar fasaha laifi ne da kan kai ga soke sakamako, kuma baƙunta ba ta zama uzuri. Yawancin malamai suna ware sa'o'in ganawa da ɗalibai a ofis. Ka je ko sau biyu ne, da tambaya ta gaske a kan darasi, domin malamin da ya san fuskarka da tunaninka shi ne zai iya rubuta maka takardar shaida idan ka tashi neman digiri na biyu.

Littafin gani da ido

Yanzu ga abin da na fi so a riƙe. Ka sayi ƙaramin littafi, ko ka buɗe fayil a wayarka, ka rubuta wani abu kowane dare tun daga ranar farko. Dalili shi ne mamaki ba ya daɗewa. Abin da ya tsayar da kai a rana ta uku, kamar laburaren da ke buɗe har tsakar dare ko ɗalibin da ya ƙalubalanci farfesa a bainar aji aka kuma gode masa, zuwa mako na biyar ya zama abin yau da kullum, ba za ka ƙara ganinsa ba. An ce baƙo makahon gari ne, kuma haka ne, amma baƙon nan yana ganin abin da ɗan gari ya daina gani, sai dai na 'yan kwanaki ne kawai.

Hanyar da na ga ta fi amfani ita ce a raba shafi gida biyu. A ɗaya ka rubuta abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji, da wuri da lokaci. A ɗayan ka rubuta fassarar da ka yi masa. Misali, a gefen farko: na gaida abokin aji a jirgin ƙasa, ya amsa da kalma ɗaya ya koma kan littafinsa. A gefe na biyu: ba ya son baƙi. Bayan wata guda ka dawo ka karanta, sau da yawa za ka tarar gefen farko yana nan daram, na biyun kuwa ya rushe, domin ka gano haka yake yi wa kowa a cikin jirgi, kuma shi ne ya ba ka aron bayanan laccar da ka rasa. Wani lokaci kuma fassarar farko ce za ta tabbata, wulaƙancin gaske ne aka yi maka, kuma rubutun zai taimake ka ka kai ƙara ofishin da ya dace da rana da wuri. Ko ta wace fuska, raba gani da hukunci shi ne ke hana mutum yi wa ƙasa guda kuɗin goro saboda mutum uku da ya haɗu da su.

Akwai wani dalili na ilimi da ya sa ɗalibin gajeriyar musaya ya kamata ya yi taka-tsantsan da ra'ayinsa. A 1955 wani masanin zamantakewa ɗan Norwe, Sverre Lysgaard, ya yi nazari a kan 'yan ƙasarsa da suka je Amurka ƙarƙashin shirin tallafin karatu na Fulbright, ya lura cewa waɗanda suka yi ƙasa da wata 6 da waɗanda suka haura wata 18 sun fi nuna gamsuwa a kan waɗanda zamansu ya faɗa tsakani. Daga baya masanin al'adu Kalervo Oberg, a wata maƙala da aka buga a 1960, ya bayyana matakan girgizar da baƙo ke shiga, daga ɗokin farko zuwa ƙunci, sannan farfaɗowa da sabo. Masu bincike na baya sun nuna ba kowa ke bin wannan jeri ba, wasu ma kwanakin farko ne suka fi musu tsanani. Duk da haka darasin yana nan: wanda ya yi mako 6 ko wata 4 yana iya komowa tun ɗoki bai sake shi ba, ya riƙa ba da labarin ƙasar da babu aibi a cikinta. Bai nemi aiki a can ba, bai yi jinya mai tsawo ba, bai biya haraji ba. Maganin wannan shi ne tambaya. Duk abin da ya burge ka, ka tambayi ɗan wurin wa ke biyan kuɗinsa, tun yaushe aka fara shi, kuma me su ɗalibansu ke kuka da shi. Za ka ji labarin tsadar ɗaki da cunkoson aji da malaman da ke aiki a kan kwantiragin wucin gadi, abubuwan da ba a nuna wa baƙo a makon gabatarwa.

Ka riƙa rubuta ƙananan bayanai na aiki ma: yadda malami ya tsara darasi, yawan shafukan da ake karantawa a mako, yadda ake raba aikin rukuni, na'urar da ka yi amfani da ita a ɗakin gwaje-gwaje da sunanta. Waɗannan su ne za su yi amfani bayan shekara biyu, lokacin da hotunan gine-gine suka zama tarkace a waya. Idan za ka ɗauki hoton mutane ko na cikin aji, ka nemi izini tukuna. Game da yawon ƙarshen mako kuwa, ra'ayina shi ne a rage shi. Jiragen sama masu araha kan ja ɗalibi ya zaga manyan birane 8 cikin wata 4, ya dawo bai san unguwar da ya kwana a cikinta ba, alhali garin da yake karatu shi kaɗai ne wurin da yake da damar ya sani sanin gaske.

Ɗaure kaya da rahoto

Saura mako 2 ka tashi, ka fara sallamar hukumomi. Ka karɓi takardar shaidar kammala zama mai ɗauke da ranakun farawa da ƙarewa, ka mayar da littattafan laburare, ka soke rajistar adireshi inda doka ta bukaci haka, ka sa a duba ɗakinka a gabanka domin a dawo maka da kuɗin ajiya, kuma kada ka rufe asusun banki sai kuɗin ya shigo. Ka tambayi ofis yadda za a aika takardar sakamakonka da kuma wa za a aika wa. A tsarin Erasmus+ ana sa ran jami'ar da ta karɓe ka ta fitar da ita cikin mako 5 bayan bayyana sakamako. Da zarar ta iso, ka haɗa ta da yarjejeniyar karatu ka kai sashenku da hannunka, ka kuma bibiya har ka ga makin ya shiga. Rahoton da shirin ke nema ta intanet yana da wa'adin kwana 30 daga ranar da aka aiko da gayyatar cike shi, wanda ya ƙi cikewa kuma ana iya neman ya mayar da kuɗin tallafi.

Komawa gida ma tana da nata nauyin. Tun 1963 wasu masu bincike biyu, John da Jeanne Gullahorn, suka nuna cewa mai dawowa kan sake shiga wani ƙuncin kamar wanda ya shiga a can. Za ka tarar abokanka sun ci gaba da rayuwarsu, kuma haƙurinsu da labarin tafiyarka bai wuce 'yan mintoci ba. Ka kiyayi fara kowace magana da "a can kuwa", domin ba abin da ya fi saurin gundurar mutane, musamman malaman da suka sa maka hannu ka tafi.

Wurin da labarin ya dace shi ne rahoton da za ka bari a sashe ko a ofishin hulɗa da ƙasashen waje. Ka rubuta shi cikin makon farko ko na biyu da dawowa, littafinka a buɗe a gabanka, kana tunanin ɗalibin da zai tafi baɗi, ba shugaban da zai yaba maka ba. Jimloli irin su "tafiyar ta buɗe mini ido" ba sa amfanar kowa, domin duk wanda ya dawo haka yake faɗa. Ka faɗi kwas ɗin da ka ɗauka da lambarsa, da wanda ya yi maka nauyi da dalili, da wanda sashenku ya amince da shi ba tare da gardama ba. Ka faɗi kwana nawa biza ta ɗauka, da ranar da kuɗin tallafi ya shigo, da abin da ka kashe kafin ya shigo. Inda za ka yi hukunci a kan mutane ko tsarin karatunsu, ka nuna a kan me ka gina shi, aji nawa ka shiga, mutum nawa ka tattauna da su, wata nawa ka yi. Ka ware sakin layi guda ga abu ɗaya da ka gani wanda sashenku zai iya gwadawa ba tare da ƙarin kuɗi ba, kamar raba jerin karatun mako tun farkon zango ko ware sa'ar ganawa da ɗalibai. A ƙarshen rahoton ka haɗa kwafin yarjejeniyar karatunka da takardar bayanin maki, ka kuma bar wa ofishin hanyar da mai zuwa bayanka zai same ka idan yana da tambaya.